Gwamma Mai Ido Biyar da Uwar Duma

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan gidan nan!"

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo!"

"To ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na ɗauko ta ba na ajiyewa."

A wani ƙauye akwai wata tsohuwa, ana ce mata Iya Ladingo. A bayan ɗakinta akwai darni, a gindin darnin kuwa ƙasa ce mai laushi. Da damina ta kankama, wata rana ƙasar nan ta ɗan motsa. Sai ga wata 'yar zuma ta leƙo. Sunanta Gwamma.

Ku sani, Gwamma ba irin zumar amya ba ce. Ita zumar daji ce, 'yar ƙasa. Ba ta da sarki, ba ta da dogari, ba ta tara zuma a saƙa. Jikinta ruwan ƙasa ne, kamar busasshen ganyen dawa. Ƙafafunta gashi buzu-buzu. Idanunta kuwa dara-dara, har sun yi wa kanta yawa.

Aiki ɗaya ne a gabanta, kuma kwanakinta a duniya ba su da yawa. Za ta haƙa rami mai ɗaki uku. Za ta ɗebo garin fure, ta kwaɓa shi da ruwan zaƙin fure, ta mulmula kamar fura. Kowane ɗaki dunƙule ɗaya, kowane dunƙule ƙwai ɗaya a kansa. Abincin 'ya'yanta ke nan.

Ta haƙa ramin. Ɗakuna uku suka fito tsaf. Saura gari.

Tana leƙowa sai ta ji an ce, "Salamu alaikum, sabuwar maƙwabciya!"

Ta duba. Ƙadangare ne mai jan kai, yana kan darni yana shan hantsi.

Ya ce, "Ni ne mai unguwar darnin nan. Fito mu gaisa."

Ta ce, "Daga nan ma ina jin ka, maƙwabci."

"Gaisuwa daga rami ai ba gaisuwa ba ce. Matso in ga fuskarki."

"To me ya sa kake lasar baki?"

"Ƙishirwa ce, ƙanwata. Ƙishirwa kawai."

Gwamma ta noƙe cikin rami. Ta jira har ya bi wani cinnaka, sannan ta yi fir, ta tashi.

Ta nufi furen kabewa. Ta tarar 'yan amya sun cika shi, suna ta zuuu. Dogarinsu ya tare ta.

"Ke 'yar gidan wa?"

"'Yar gidan kaina."

"Wane ne sarkinku?"

"Ba ni da sarki."

"Mara sarki ba shi da fure. Ku kore ta!"

Suka bi ta har bakin darni. Ta koma rami, ƙafafunta fayau, ko ƙwayar gari babu.

Kashegari ta ce, "Bari in bari sai tsakar rana, lokacin da 'yan amya suka gaji." Rana ta take, ta fita. Amma hasken ya daki manyan idanun nan, hawaye suka cika su. Komai ta duba sai ta ga biyu. Can ta hango wani abu ja, ta ce, "Alhamdu lillahi, ga fure!" Ta sauka a kai.

Sai furen ya ce, "Maraba, maraba, ƙanwata! Sauko ƙasa kaɗan, nan wajen baki ya fi inuwa."

Ashe kan Ƙadangare ne! Ta yi tsalle, ya kai cafka, ya cafki iska. Ta faɗa rami.

Rana ta uku ta ce, "Bari in gwada la'asar." Ta fita da la'asar, ta je gonar wake. Furannin duk sun rufe baki tun da rana. Tana cikin zagaye sai wani tsuntsu mai dogon baki ya rafko ta. Ta yi dama, ya yi dama. Ta yi hagu, ya yi hagu. Da ƙyar ta kai ƙofa, ta bar masa ƙura.

Ta zauna a bakin rami. Ga yunwa, ga ɗakuna uku ba kowa. Ta ce, "Safe ba nawa ba, rana ba tawa ba, la'asar ba tawa ba. To ni wane lokaci Allah ya ba ni?"

Rana ta faɗi. 'Yan amya suka koma gida. Tsuntsu ya shiga sheƙa. Ƙadangare ya shige tsagar bango. Gari ya yi shiru. Sai Gwamma ta ji wata 'yar murya a samanta tana waƙa:

"Rana ta faɗi, na buɗe ƙofa,
Na shimfiɗa fari, ba mai sallama.
Ango na sama, amarya na ƙasa,
Wa zai kai saƙo tsakaninsu?"

Gwamma ta ɗaga kai. Uwar Duma ce, wadda ake samun ƙwarya da ludayi daga 'ya'yanta. Ta yaɗu a kan darni, fararen furanninta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Gwamma ta ce, "Inna, lafiya kike waƙa kamar mai kuka?"

Uwar Duma ta ce, "Ina lafiya, 'yar nan? Furannina kunya gare su. Ba sa buɗe fuska a gaban rana, sai ta faɗi. Angwaye na can saman darni da garinsu. Amare na nan ƙasa, kowace da ɗan tulu a ƙugunta. In garin ango bai taɓa amarya ba, ɗan tulun sai ya yanƙwane ya faɗi. Ni ba ni da ƙafa, su ba su da fiffike. Masu fiffike kuwa kafin in buɗe sun yi barci."

Ba ta rufe baki ba sai ga Iya Ladingo ta zagayo. Ta sunkuya, ta tsinci 'ya'yan duma biyu da suka faɗi. Ta jujjuya su a tafin hannu, ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "Haba Duma! Irin da uwata ta bar mini ce ke, shi ya sa nake lallaɓa ki. Na ba ki takin awaki, na ba ki ruwan wanke-wanke. Ƙwaryar da nake dama fura ta sha gyartai har ba wurin ɗinki. Na ba ki kwana uku. In ba ki riƙe ɗa ko ɗaya ba, ranar Juma'a zan zo da fartanya in tuge ki, in kafce wurin, in shuka kuɓewa."

Ta juya ta tafi.

Gwamma ta dubi ƙofar raminta. In fartanya ta sauka a nan, ina ɗakuna uku? Ta ce, "Inna, ni zan kai saƙon. Ladana garin da ya manne a ƙafata."

Uwar Duma ta ce, "Ki ɗebi iya ɗibarki, 'yar nan."

Gwamma ta tashi. Amma duhu ya fara shiga. Idanun da rana ta yi wa yawa, ga shi almuru ya yi musu kaɗan. Ta nufi ango, ƙum! ta bugi kara. Ta juya, ƙum! ta bugi wani. Ta uku ta faɗo ƙasa tim.

Tana kwance sai Jemage ya wuce, fal-fal-fal, ko kara ɗaya bai taɓa ba.

Ta ce, "Kawu Jemage! Ara mini idonka!"

Ya ce, "Ido? Ni da kunne nake gani."

"To ara mini kunne."

"Kunnena ɗaya ya fi ki girma. In na ɗora miki, sai a ɗauka tukunya aka rufe." Ya yi dariya, ya wuce.

Ta lallaɓa da rarrafe ta koma rami. Kwana ɗaya ya tafi.

Magariba ta biyu, Uwar Duma ta sake waƙarta:

"Rana ta faɗi, na buɗe ƙofa,
Na shimfiɗa fari, ba mai sallama."

Gwamma ta fito, ta sake gwadawa, ta sake faɗowa. Sai ga Maƙesu, ɗan ƙwaron nan mai wuta a gindi, yana tafe yana ƙyal-ƙyal.

Ta ce, "Yaya Maƙesu, don Allah haska mini hanya!"

Ya ce, "Da so samu ne, ƙanwata. Amma fitilata a baya take. Ni kaina ban taɓa ganin abin da take haskawa ba."

"To wa ya ba ka?"

"Zara, matar Wata, tauraruwar da ke fara fitowa. Ranar da take rabon haske na makara, na zo ina gudu, ta jefo mini, ta same ni a baya."

"Yaya zan kai sama wurinta?"

"Ba sai kin hau ba. Kullum magariba tana saukowa wanka a kaskon ruwan kajin Iya. Amma yau kin makara, hadari ya rufe ta."

Kwana biyu ya tafi. Da safe Gwamma ta ji Iya Ladingo tana wasa fartanya a kan dutse, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Ke Talatuwa da ke zaune can gefe, me kika ce? Gwamma ta gudu ta haƙa wani ramin? A'a, 'yata. Ƙarfinta na rami ɗaya ne. Kuma ta riga ta yi wa Uwar Duma alkawari.

A rana ta uku ta wa'adin Iya, da la'asar, sai ƙofar rami ta yi duhu. Ƙadangare ne ya zo ya kwanta a kai, ya ɗora haɓa daidai bakin.

Ya ce, "Ƙanwata, kwana biyu ba na ganin ki. Zumunci a ƙafa yake, shi ne na tako."

Ta ce, "Sannu da zuwa, maƙwabci."

"Yaushe za ki fita?"

"In rana ta faɗi."

"Madalla. Yau ni zan raka ki."

Gwamma ta dubi ƙofar da ya toshe. In ba ta fita yau ba, gobe fartanya. Ta yi tunani, ta yi tunani. Ta lura ba ta taɓa ganin Ƙadangare a waje bayan faɗuwar rana ba. Sai ta ce, "Maƙwabci, kafin lokaci ya yi, ba ni labarin kakanka. An ce jarumi ne."

Ƙadangare ya kumbura wuya. "Wa ya gaya miki? Ai kakana shi ne ya faɗo daga kan rimi, bai ko yi ɗingishi ba!"

"Kai! Sai me ya faru?"

Ya shiga zuba. Rana ta yi ja, yana zuba. Rana ta taɓa kan itatuwa, yana zuba. In ya yi kamar zai tsaya, sai ta ce, "To kakan kakanka fa?" Rana ta faɗi. Sanyi ya taso daga ƙasa, ya shiga ƙafafunsa, ya hau bayansa, ya kama harshensa.

"Sai kakana... ya ce wa... zakara..."

Kai ya gyaɗa sau ɗaya. Ya gyaɗa sau biyu. Na uku bai ɗago ba.

Gwamma ta matse ta ƙarƙashin haɓarsa ta fito. Har ta ɗaga fiffike, sai ta waiwaya ta gan shi shimfiɗe a fili, jan kansa a waje. Ta ce, "Muzuru zai gan shi." Ta jawo wani busasshen ganye da ƙyar, ta lulluɓa masa. Ta ce, "Maƙwabci maƙwabci ne, ko da mai lasar baki." Sannan ta tafi.

Ta isa kaskon kaji. Ruwan ya kwanta luf. A tsakiyarsa ga Zara, fara sol, tana wanka.

Gwamma ta durƙusa a bakin kasko. "Ranki ya daɗe, na zo roƙo."

Zara ta ce, "Me kike so, 'yar ƙasa?"

"Ɗan haske. Kaɗan ma ya isa."

"Me za ki ba ni?"

"Ba ni da komai, ranki ya daɗe. Ko abincin yau ban ci ba."

"To don wa kike roƙo?"

"Don 'ya'yana uku da ban haifa ba tukuna. Da 'ya'yan Uwar Duma da ke faɗuwa. Da wata tsohuwa da ƙwaryarta ta mutu."

Zara ta yi murmushi, ruwan ya ɗan girgiza. Ta ce, "Ni ma da rana ina nan sama, ba mai gani na. Ban yi faɗa da rana ba, lokacina na jira. Tsoma goshinki sau uku."

Gwamma ta tsoma. Ɗis. Ta sake. Ɗis. Ta sake. Ɗis. Sai ga 'yan idanu uku a tsakiyar kanta, kamar ƙwayar gero uku masu ƙyalli. Uku a sama, biyu a gefe, ido biyar ke nan.

Zara ta ce, "Amma ki ji sharaɗi. Haskena ɗan kaɗan ne. Yana aiki daga faɗuwar rana zuwa rufewar duhu, sai kuma da asuba in Gamzaki ya fito, kafin rana ta ɓullo. In duhu ya rufe, ki kasance a gida."

"Na ji, na gode, ranki ya daɗe."

Gwamma ta ɗaga kai. Wayyo daɗi! Ga darni, kowane kara daban. Ga fararen furanni kamar an shanya farin yadin alawayyo. Sanyi ya so ya kama ta, ita ma. Ta tsaya, ta kaɗa fikafikai, zzzz, har jikinta ya yi ɗumi. Sannan ta tashi.

Uwar Duma na cikin waƙa:

"Rana ta faɗi, na buɗe ƙofa,
Na shimfiɗa fari..."

Sai Gwamma ta karɓe:

"Salamu alaikum, ga mai sallama!
Ango ba ni, amarya karɓi,
Saƙo ya isa tsakaninku!"

Ta faɗa cikin ango, ta yi birgima, ta fito butu-butu da gari. Ta sauko wurin amarya, ta sha ruwan zaƙi, ta bar mata saƙo. Ta hau, ta sauko. Ta hau, ta sauko. Amare bakwai ta zagaya. Duhu na gab da rufewa ta shige rami, ƙafafunta sun yi nauyi da gari. Da asuba ta sake fita, ta ƙarasa sauran.

Ranar Juma'a Iya Ladingo ta zo da fartanya a kafaɗa. Ta duba ƙasa, ba ɗan duma ko ɗaya da ya faɗi. Ta duba sama, ga su bakwai, kore shar, sun riƙe gam. Ta taɓa ɗaya da yatsa. Ta ajiye fartanya a hankali.

Ta ce, "Ikon Allah! Wa ya yi wannan aiki?"

Da magariba ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno, ta zauna a gindin darni, ta zuba ido. Sai ta ga 'yar zuma ta fito daga ƙasa, ta hau, ta sauko, ta hau, ta sauko. Iya ta yi dariya har da tafi.

Ta ce, "Ashe ke ce, 'yar albarka! Baƙuwa a gidana ban sani ba."

Ta sa ƙaya ta kewaye wurin don kada kaji su yi tono. Ta tara jikokinta ta ce, "Daga yau ba mai shara a nan, ba mai zuba ruwan zafi. Gidan mutane ne."

Ƙadangare kuwa da ya farka ya ga ganye a kansa, ya ce, "Wa ya rufe ni?"

Gwamma ta ce daga rami, "Wadda ka zo rakiya."

Kunya ta kama shi. Ya ce, "Ai dama ni cinnaka na fi so." Ya hau darni.

Gwamma ta mulmula dunƙule na farko, ta sa ƙwai, ta toshe ɗaki. Ta yi na biyu. Ta yi na uku. A kowace ƙofa sai ta tsaya ta ce, "Ki ci ki ƙoshi, ki yi barci. In kin ji ruwa ya sauka, ki fito."

Kafin damina ta janye, fikafikanta sun tsufa, bakinsu ya yage kamar tsohon zane. Wata magariba ta hau darni da ƙyar.

Uwar Duma ta ce, "'Yar nan, kin gaji. Kada ki koma ƙasa yau. Ga fure na ƙarshe, shiga ki kwanta."

Gwamma ta ce, "Inna, 'ya'yana ba za su san ni ba."

Uwar Duma ta ce, "Nawa ma ba za su san ni ba. Amma zan bar musu magana a cikin iri. Kwanta."

Ta shiga, ta kwanta. Da gari ya waye furen ya rufe a kanta a hankali. Ba ta sake fitowa ba.

Iya Ladingo ta fafe ƙorai bakwai, ta adana iri a cikin tsumma. Rani ya zo ya wuce. Ruwa ya sauka, ta shuka. Sabuwar duma ta hau darni.

Wata magariba ƙasa ta motsa a wuri uku. 'Yan zuma uku suka leƙo, kowace da ido biyar. Suna ta dube-dube, ba su san gabas ba, ba su san yamma ba.

Sai suka ji an ce daga sama, "Ku ne 'ya'yan Gwamma?"

Babbar ta ce, "Wace ce Gwamma?"

Sabuwar duma ta ce, "Uwarku. Ni ma ban gan ta ba, ban ma ga tawa uwar ba. Amma an bar mini saƙo a cikin iri. An ce in na ga masu ido biyar, in buɗe musu ƙofa tun kafin su yi sallama. Ku hawo, ku ci. In kun ƙoshi in ba ku labarinta."

Suka hau.

Tun daga ranar, jikokin Gwamma ba sa fita da rana. Suna zaune a ramukansu, kowace da nata, ƙofa kusa da ƙofa. Sai rana ta faɗi, ko kafin ta fito, sannan za ku ji su, zzzz, a kan furannin da ke buɗewa da almuru. Ku kuma in kun ga an tare muku wuri, kada ku ce Allah ya manta da ku. Kowa da lokacinsa, kuma akwai mai jiran zuwanku.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare mai gyangyaɗi! Wanda ya ce ƙarya na shara, gobe da magariba ya je gindin duma ya tsuguna. Amma ya taka a hankali, gidan mutane ne.